Ranar da Malam Lauwali Ya Huda Gora

Malam Lauwali ya daɗe yana koyar da Bayoloji a wata sakandaren jeka-ka-dawo da ke Roni, har waɗanda ya fara koyarwa sun soma kawo masa 'ya'yansu. Mutum ne dogo, siriri, mai tsafta, ko yini ya yi da alli ba ka ganin fari a hannun rigarsa. In ya shiga asibiti a Kazaure sai wata nas ta rusuna ta gaishe shi. In ya ratsa kasuwar Gwiwa sai mai kemis ya fito da gudu ya riƙe masa babur. Duk ɗalibansa ne. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma wannan gaisuwar ta fi masa komai daɗi a aikin.

Abin da aka fi saninsa da shi zane ne. Yakan juya wa aji baya, ya ja layi bai ɗaga hannu ba, sai ga mitokondiriya ta fito a allo kamar kwanson gyaɗa, tantaninta na waje sumul, na ciki kuma a lanƙwashe, yana shiga yana fita. Sai ya juyo ya ce, "Wannan ita ce ke ba ƙwayar halitta ƙarfi. Ku zana, ku haddace." Su zana, su haddace, kuma su ci jarrabawa.

A farkon wani zango aka turo sabon malamin Bayoloji, sai ga shi Musaddiƙ ne, tsohon ɗalibinsa. Iyayen Musaddiƙ mutanen Babura ne, asalinsu daga Borno, amma a Roni ya yi sakandare a hannun wata gwaggonsa. Malam Lauwali ya yi murna ƙwarai. Ya kama hannunsa ya zaga da shi ofishin malamai yana cewa, "Yarona ne wannan. A hannuna ya koyi riƙe fensir ɗin zane." Da aka zo rabon azuzuwa, shi da kansa ya ce a ba Musaddiƙ aji biyar, ajin da 'yarsa Sa'adiyya take, shi kuma ya riƙe aji shida masu shirin fita.

Wata ranar Talata bayan La'asar yana kishingiɗe a kan tabarma a inuwar ɗaki yana sauraron rediyo, sai ya ji muryar Sa'adiyya daga bakin madafa tana yi wa mahaifiyarta Dela surutu.

"Inna, ara mini zanin nan da kwanon nan. Kin ga, in na shimfiɗa zanin ai ba zai shiga kwanon ba ko? To duba." Ta yi ta ninka shi tana cusawa har ya shige, ta rufe da murfi. "Haka tantanin cikin yake. Yana da faɗi sosai, wurin kuma ɗan ƙarami ne, shi ya sa yake a ninke. Kuma a jikinsa injinan suke a jere. In ninkin ya yi yawa, injinan su yi yawa, ƙarfin da za a samu ya yi yawa. Shi ya sa na tsokar zuciya suka fi ninki, don ita zuciya ba ta hutawa."

Dela ta ce, "To na ji. Ba ni kwanona, miya zan zuba."

Malam Lauwali ya rage muryar rediyo ya kira ta. Ta zo ta durƙusa, fuskarta cike da fara'a.

"Wa ya nuna miki wannan?"

"Malam Musaddiƙ ne, Baba. Lafayar kakarsa Hajja Kaka, dogon mayafin nan na matan Borno, ya zo da ita daga Babura. Ya sa mu biyu muka ja ta, ta kusa kaiwa daga allo zuwa ƙarshen aji. Ya sa aka maƙala mata abin shanya a jere, ya ce su ne injinan. Sannan ya ninke ta ta shige cikin ɗan langa. Baba, ashe abin mai sauƙi ne!"

A hutun da ya wuce shi da kansa ya zaunar da ita a kan wannan tabarmar, ya zana mata mitokondiriya, ya yi mata bayani ba sau ɗaya ba, tana gyaɗa kai, idonta na kan ƙofa. Yanzu sai ya yi mata tambaya. Ta amsa daidai. Ya ƙara wata mai ɗan wuya. Ta dubi hannunta kamar tana ninke wani abu, ta amsa daidai.

"Ai na gaya miki wannan tun da hutu," in ji shi.

"Ka gaya mini, Baba. Naka ma daidai ne. Kawai dai yau ne na gan shi."

Ya ce ta tashi ta je. Ya san kamata ya yi ya ji daɗi. Ya ƙara muryar rediyo, amma har aka gama labarai bai san me aka ce ba.

Daga ranar sai ya soma lura da abubuwan da da ba ya lura da su. In an tashi tara, yara na kewaye Musaddiƙ a gindin darbejiya har ba a ganin kansa. In ya shigo da safe, kafin ya kafe babur wani ya karɓi jakarsa. 'Yan aji shida ma, nasa, sai ya ga an rasa uku ko huɗu a darasi, in ya tambaya a ce sun je shan ruwa, alhali ya san suna maƙale a tagar aji biyar. Shi kuwa Musaddiƙ bai canza ba. Kullum sai ya zo har teburinsa ya rusuna ya ce, "Allah ya gafarta Malam, an tashi lafiya?" Wannan ma ya soma ba shi haushi. Da yaron ya yi girman kai da ya samu abin kamawa.

Wata safiya yana da sarari, sai ya ɗauki wayarsa ya zaga bayan azuzuwa kamar mai neman sabis, ya tsaya kusa da tagar aji biyar inda ba a ganinsa. A kan tebur Musaddiƙ ya ɗora babbar gorar ruwa ta roba da aka yanke wa kai, an sa mata ɗan tiyo a gindi. A ƙarƙashin tiyon akwai wani abin juyawa da aka yi da ɓargon kara, irin wanda yara ke yi na wasa, ƙarƙashinsa kuma baho.

"Abincin da kuka ci," in ji Musaddiƙ, "bayan an farfasa shi a can ɗakin ciki na mitokondiriya, ƙarfinsa ne ke tafiyar da injinan da ke jikin tantanin nan mai ninki. Aikinsu ɗaya ne. Su kwaso ƙwayoyin hayidirojin daga ciki su jefa su cikin 'yar ratar da ke tsakanin tantanin ciki da na waje." Ya ɗebi ruwa a baho da kofi ya zuba a gora, ya sake ɗiba ya zuba. "Su taru su yi yawa. Wa ya taɓa ganin dam ɗin Kazaure da damina?"

Hannaye suka tashi.

"To kamar haka. Suna so su koma ciki, tantanin ya hana su, don shi na ciki ba ya yoyo. Ƙofa ɗaya aka bar musu." Ya saki bakin tiyon. Ruwa ya zubo, abin karan ya kama juyawa da sauri, aji ya ɗauki sowa. "A jikinku ma akwai inji mai juyawa kamar wannan, a bakin ƙofar. Juyinsa ne ke haɗa ATP, ɗan ƙunshin ƙarfin da kuke tafiya da shi, kuke magana da shi. Ita kuma iskar oksijin da kuke shaƙa, a ƙarshen layin injinan take tsaye, tana karɓar abin da suka miƙo. In babu ita, layin ya cushe, komai ya tsaya."

Malam Lauwali ya nemi kuskure a maganar bai samu ba. Ya hango Sa'adiyya a layin gaba ta tallafe haɓa, bakinta a ɗan buɗe. Bai taɓa ganin ta dube shi haka ba. Ya sa wayar a aljihu ya wuce kai tsaye ofishin shugaban makaranta, Malam Yakubu.

"Ranka ya daɗe, akwai gyara a aji biyar," ya ce bayan sun gaisa. "Yaron nan ya mai da aji wurin wasa. Yau ruwa, jiya zanin mata. Rabin darasin da Hausa yake yi, kuma da Turanci za a yi musu jarrabawa. Abin da yake koyarwa ma ya wuce manhaja. Wa zai tambayi ɗan sakandare wannan zurfin?"

Malam Yakubu ya cire tabarau ya dube shi. "Ni kuwa yabonsa nake ta ji. Har iyaye sun yi mini maganarsa. Na ce ai ba mamaki, tarbiyyar Malam Lauwali ce."

"Yabon yara daban, jarrabawa daban."

"To ai kai ne shugaban sashen kimiyya. Ka shiga ajinsa ka zauna ka gani. In da gyara ka gyara masa, ɗanka ne."

Kwanakin da suka biyo baya Malam Lauwali ya yi su ne yana neman tambaya. Ba ya son mai sauƙi, ba ya kuma son wadda za a ce ta fita daga darasin. Ya tuno wani abu da wani malaminsu ya taɓa faɗa musu a jami'a, wanda shi kansa bai taɓa koya wa kowa ba, don ba ya cikin manhaja. Da ya tuno shi sai da ya yi murmushi shi kaɗai a kan babur.

Ranar Alhamis ya shiga aji biyar, yara suka miƙe suka gaishe shi. Musaddiƙ ya goge kujerarsa da hannun riga ya kai masa baya, murna a fuskarsa. Bita yake yi musu, gorar na kan tebur, kuma Sa'adiyya ce a tsaye da kofi tana zuba ruwa. Malam Lauwali ya bari har darasin ya yi nisa, har yara suka manta da shi, sannan ya ɗaga hannu kamar ɗalibi. Aka yi 'yar dariya.

"Malam Musaddiƙ, ina da tambaya. Ka ce tantanin ciki ba ya yoyo. To a ce ya huje, hayidirojin ya samu hanyar komawa ba ta ƙofar ba. Shan iskar oksijin fa, me zai same shi?"

Musaddiƙ ya ce, "Ina ganin zai tsaya, Malam. Tunda ba a samun ATP, aikin ya lalace ke nan."

"Ka tabbata?"

"Ko dai ya ragu sosai."

"Zai tsaya ne ko zai ragu? Yara na saurarenka."

Musaddiƙ ya dubi gorar, ya dubi allo. "Allah ya gafarta Malam, ban tabbata ba."

Malam Lauwali ya tashi a hankali. Ya karɓi kwamfas ɗin lissafi a hannun wani yaro, ya je gaban tebur, ya caka tsinin a cikin gorar, ya zare, ya sake cakawa, ya sake, har sai da ruwa ya kama tsartuwa ta ko'ina. Ruwan wani huji ya fesa wa Sa'adiyya a hijabi.

"Ci gaba da zubawa," ya ce mata. "Kada ki bari ruwan ya sauka."

Ta kama ɗiba tana zubawa da sauri, ruwa na gudu ta hujojin, yana bin tebur yana ɗiga a ƙafarta. Abin karan ya rage gudu, yana juyawa da ƙyar.

"Kun ga mai zubawa ta tsaya? Ƙara sauri ta yi. Haka injinan suke. In tantanin ya huje babu abin da ke tokare su, sai su ƙara gudu, su ƙone abinci da yawa, su sha iska fiye da da. Shan oksijin ƙaruwa yake yi, ba tsayawa ba. Amma ku dubi abin juyawar. ATP kaɗan ne. To ina ƙarfin ya tafi? Ya zama zafi. Jiki ya yi ta zafi, mutum yana haki, ba ƙarfi."

Da a nan ya tsaya da darasi ne mai kyau, shi ma ya sani. Amma sai ya ajiye kwamfas ɗin, ya juya ya dubi Musaddiƙ a gaban yaran ya ce, "Wasa da ruwa da zanin tsofaffi ba shi ne ilimi ba. A riƙa karatu kafin a shigo aji."

Musaddiƙ ya sunkuyar da kai. "Na gode, Malam. In Allah ya yarda zan gyara."

Ba wanda ya yi dariya. Malam Lauwali ya so a ce ko yaro ɗaya ya yi. Sa'adiyya na tsaye da kofi a hannu, hijabinta a jiƙe, idonta a ƙasa. Ya fita, takalminsa na barin sawun ruwa a siminti.

A gida ranar, Sa'adiyya ta kawo masa abinci ta ajiye, ta ce a ci lafiya, ta juya. Ba ta zauna ta ba shi labarin makaranta kamar yadda ta saba ba. Da ya gama ci Dela ta zo kwashe kwanuka, ta tsaya a kansa.

"Malam, me yaron nan ya yi maka?"

"Gyara na yi masa. Aikina ne."

"Yarinyar nan tun da ta dawo take kuka a ɗaki. Ta ce 'yan ajinsu ba mai yi mata magana." Ta ɗora kwano a kan kwano. "Ni dai na zauna da kai na san ka. Kishi kake yi da shi."

"Ni? Da yaron da na koya wa riƙe fensir?"

"Shi ɗin."

Ya daka mata tsawa ya ce ta san abin da take faɗa. Ta kwashi kwanukanta ta tafi. Ya zauna yana huci, yana jera wa kansa hujjoji. Amsar yaron kuskure ce, wannan gaskiya ne. Shi shugaban sashe ne, wannan ma gaskiya ne. Amma duk sanda ya gama jerawa sai maganar Dela ta dawo masa.

Ranar Asabar da yamma aka yi sallama a ƙofar gida. Ya fito ya tarar da Musaddiƙ ya cire takalmi tun daga bakin zaure. Ya nuna masa tabarma, ya ƙi, ya zauna a ƙasa. Malam Lauwali ya yi ta duban fuskarsa yana neman fushi ko ƙorafi. Bai ga komai ba sai gajiya.

"Malam, na je na karanta abin nan, na ga yadda kuka faɗa haka yake. Amma akwai inda ban gane ba. Na ga an ce akwai inda jiki ke huda tantanin da kansa, da gangan. Me zai sa ya yi wa kansa asara?"

Malam Lauwali ya yi niyyar ba shi amsa gajera ya sallame shi. Amma tambayar mai kyau ce, kuma ya daɗe ba wanda ya yi masa irinta.

"Ka taɓa ganin jariri sabon haihuwa yana rawar sanyi?"

Musaddiƙ ya yi tunani. "A'a, Malam."

"Ba ya iyawa sosai. To da me zai ɗumama kansa? Akwai wani kitse a bayansa, tsakanin kafaɗu da wuya, mai duhu-duhu, cike yake da mitokondiriya. A tantaninsu na ciki akwai wata ƙofa ta daban, wadda babu inji mai juyawa a bakinta. In sanyi ya taɓa yaron sai ta buɗe, hayidirojin ya kwarara a banza, ƙarfin ya fita a zafi. Ba asara ba ce. Murhu ne Allah ya sa masa a baya."

"Allahu Akbar," in ji Musaddiƙ a hankali.

Suka yi ta yi. Malam Lauwali ya sa aka kawo masa gawayi, ya zana a daɓen zaure, Musaddiƙ na tambaya yana amsawa, wani wurin su yi gardama, har aka kira Magariba ba su sani ba. Suka tafi masallaci tare. A hanyar dawowa Malam Lauwali ya ji ƙirjinsa ya yi sauƙi, har ya ce a ransa abin ya wuce.

Bai wuce ba. Mako na gaba Musaddiƙ ya shiga aji da gorar nan mai huji, ya toshe hujojin da tsinken ashana, ya koyar da darasin jarirai yana zare tsinken ɗaya bayan ɗaya. Ya faɗa wa yaran a fili cewa Malam Lauwali ne ya koya masa wannan a zaurensa. Sa'adiyya ce ta kawo labarin gida, tana murna, tana ganin an shirya. Amma yara ba su riƙe wannan ɓangaren ba. Abin da suka kai gidajensu shi ne, Malam Musaddiƙ ya ce jarirai na da murhu a baya.

Bayan 'yan makonni Malam Lauwali ya je suna a unguwarsu. Ana zaune ana jiran a raba goro, sai wani dattijo maƙwabcinsa ya matso kusa da shi.

"Malam, kai da kake makarantar, ka ji abin da sabon malamin nan ya gano? Wai jariri da murhunsa yake zuwa duniya, a nan tsakanin kafaɗu. Jikata ce ta gaya mini. Kai, yaran zamani akwai ilimi! Irin wannan ai ku a lokacinku ba a kai nan ba ko?"

Malam Lauwali ya ce, "Haka ne." Ya karɓi goronsa ya sa a aljihu, ya tashi tun kafin a watse.

Da sabuwar shekarar karatu ta zo, aka zauna rabon azuzuwa. 'Yan ajin su Sa'adiyya sun shiga aji shida, kuma kowa ya ɗauka Musaddiƙ zai bi su ya ƙarasa da su, har shugaban makaranta ya faɗi haka. Malam Lauwali ya ce a'a. Aji shida na buƙatar wanda ya san kan jarrabawa, kuma aji biyar ɗin ma shi zai haɗa ya riƙe, don a gyara tushe. Ƙananan azuzuwa ba su da malamin kimiyya, a tura Musaddiƙ can.

Malam Yakubu ya dube shi ya daɗe. "Nauyin ba zai yi maka yawa ba?"

"Na saba."

Aka juya ga Musaddiƙ. Ya ce duk yadda Malam ya tsara daidai ne.

Sa'adiyya ta roƙi mahaifiyarta ta sa baki. Dela ta ce ita ta gama magana tun tuni. Haka Malam Lauwali ya koma gaban ajin 'yarsa. Yaran ba su yi masa rashin kunya ba ko sau ɗaya. Suna miƙewa su gaishe shi, ya zana su zana, ya yi tambaya su amsa. In ya ce akwai mai tambaya, sai shiru. Wata rana ya tsaya a kasuwa ya daɗe yana duban wata gorar roba a rumfar mai kayan robobi, har mai rumfar ya tambaye shi ko a sauko da ita. Ya ce a'a, ya wuce. Ba zai iya jure a ce ya kwaikwayi yaron ba.

Da tara kuwa, yana zaune a ofis yana hango 'yan aji shida, manya da su, sun tafi sun tsaya a tagar 'yan aji ɗaya, inda Musaddiƙ ke nuna wa ƙananan yara yadda wake ke tsirowa a cikin kofi.

Kafin ƙarshen zango na biyu Musaddiƙ ya nemi a mai da shi Babura, aka kuma amince. Ya zo gida yin sallama, ya zauna a ƙasa kamar yadda ya saba.

"Hajja Kaka ce jiki ya yi nauyi, Malam. Ana so in dawo kusa."

"Allah ya ba ta lafiya. Ai kula da tsofaffi wajibi ne."

Dukansu sun san ba wannan ne kaɗai dalilin ba. Malam Lauwali ya ji wata magana ta taso masa, ya san in ya faɗe ta yaron zai iya fasa tafiyar. Ya kuma ji, a ƙarƙashin wannan, wani daɗi mara kyau, cewa daga Litinin ba sauran taro a gindin darbejiya.

"Malam, in akwai inda na saɓa muku, ku yafe mini."

"Ba ka yi mini komai ba," in ji shi. "Allah ya kiyaye hanya."

Ya raka shi har bakin babur, abin da bai saba yi wa yaro ba. Musaddiƙ ya tura babur ɗin sai da ya yi nisa da ƙofar gidan sannan ya tayar.

Makaranta ta koma yadda take da. Ba wanda ya ɓace daga darasi ya ce ya je shan ruwa. Malam Lauwali ya dage da aji shida, har Asabar yana kiransu bita, kuma da sakamako ya fito bayan damina sun ci Bayoloji da kyau, kamar yadda ɗalibansa suka saba. Sa'adiyya ce ta fi kowa.

Da hantsi labarin ya iso gida. Dela ta rangaɗa guɗa, maƙwabta suka leƙo. Sa'adiyya ta zo ta durƙusa gabansa tana dariya tana hawaye, ya dafa kanta ya sa mata albarka. Ta ce in Allah ya yarda abin da za ta karanta a jami'a ke nan, ilimin sinadaran jiki. Ya ce madalla, madalla. Rabon da ya ji daɗi irin na wannan lokacin har ya manta.

Sai ta ɗago kai. "Baba, don Allah ara mini wayarka in gaya wa Malam Musaddiƙ. Ya ce in sakamako ya fito in sanar da shi."

Ya ciro wayar. Shi da kansa ya nemo lambar, ya danna, ya miƙa mata. Bugu biyu aka ɗauka. Daga inda yake zaune yana jin muryar yaron tana fita, yana ta kabbara, yana cewa ai ya sani, ai ya faɗa mata. Ita kuma tana ta zuba, tana gaya masa tambayoyin da suka fito da yadda ta amsa, abin da shi ba ta gaya masa ba ko a ranar jarrabawar.

Can ta cire wayar daga kunne ta miƙo masa da hannu biyu. "Baba, wai a ba ka, zai yi maka murna."

Malam Lauwali ya dubi wayar. "Ce masa na gode. Ce masa ina alwala."

Ta yi turus, ta dubi rana, ko kusa da Azahar ba a yi ba. Dela ma ta dube shi daga bakin madafa. Don kada ya zama ya sa 'yarsa ta yi ƙarya, sai ya miƙe ya ɗauki buta, ya je bakin rariya ya tsuguna, ya naɗe hannun riga ya fara wanke hannu.